Koyar da Lissafi da Bidiyon Intanet a Sakandare: Yadda Za a Yi Biro Ya Motsa

Ka kunna wa 'yan aji biyu na babbar sakandare bidiyon minti goma da ake warware x² + 6x − 7 = 0. Kowa zai nutsu, wasu har da gyaɗa kai. Bidiyo ya ƙare, ka ce an gane? Aji ya amsa baki ɗaya: "Mun gane, Malam." To rubuta x² + 8x − 9 = 0 a allo ka ce kowa ya yi. Nan za ka ga biro ya tsaya cak a layin farko. Ba ƙarya suka yi maka ba. Mai bidiyon ne ya yi tunanin duka, ya zaɓi matakin da za a fara da shi, ya kauce wa ramukan da ke hanya, su kuma suka bi shi da ido har suka ɗauka su ne suka yi tafiyar. Gani ba ci ba ne. Wannan ita ce babbar matsalar koyar da lissafi da bidiyo, ta fi matsalar wuta da ta data, don waɗannan biyun ana ganinsu, ita kuwa sai ranar jarrabawa take fitowa.

Saboda haka duk abin da za a faɗa a nan yana komawa ga abu ɗaya: a shirya darasin yadda ɗalibi zai fi ɓata lokaci yana rubutu a kan yana kallo. Maɓallin tsayar da bidiyo shi ne kayan aikin malami na farko, kafin majigi, kafin talabijin.

Ba kowane darasi yake son bidiyo ba

Bidiyo yana fin allo ne a wurare ƙalilan, kuma ya kamata a san su don kada a ƙona data a banza. Na farko shi ne abin da yake motsi. Ƙa'idar nan ta da'ira da ta ce kusurwar da ke tsakiya ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira, in aka zana ta a allo, yaro yana ganin hoto ɗaya ne tak, sai ya haddace. Amma in ya ga ana jan ɗigon da ke bakin da'irar yana zagayawa, kusurwarsa tana nan a 40° ba ta canja ba, ta tsakiya kuma tana nan a 80°, ya ga dalilin da ya sa ake kiranta ƙa'ida. Haka yadda zanen y = ax² yake tsukewa ko ya buɗe in an canja a, da yadda ake warware mazubi mai siffar gwangwani ya zama shimfiɗaɗɗen murabba'i mai dogon gefe da da'ira biyu.

Na biyu shi ne aikin hannu da ba ya ganuwa daga bayan aji. Zanen kusurwar 60° ko raba layi biyu da kamfas da rula, in malami ya yi a allo jikinsa ne yake kare rabin aikin, kuma babban kamfas na katako zamewa yake yi. Bidiyon da aka ɗauka daga sama yana nuna inda aka kafa tsinin kamfas da yadda aka buɗe shi. Na uku shi ne siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi, musamman lissafin layukan duniya na kwance da na tsaye, inda yara da yawa suke kasa gane dalilin da ya sa da'irar da ta ratsa ta Kano a 12° arewa ta fi ta tsakiyar duniya ƙanƙanta, balle su gane daga ina cos ya shigo.

Tara kaso da kaso, buɗe baka, sauya lamba daga tushe goma zuwa tushe biyu, duk waɗannan alli ya ishe su. Bidiyonsu yana da amfani ne kawai ga wanda bai zo makaranta ba ranar, ko mai bita a gida.

Zaɓe

YouTube cike yake da darussan lissafi, kuma yawan waɗanda suka kalli bidiyo ba shaida ba ce ta ingancinsa. Fara daga jadawalin zangon karatu, ka fitar da darasin mako, sannan ka je nema. Wanda ya fara da nema yakan ƙare da koyar da abin da ya samu, ba abin da manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta ce ba. In za ka rubuta sunan darasi a wurin bincike, haɗa da WAEC ko NECO, zai fi kawo maka malaman Najeriya da Ghana da suke bin tsarin da ɗalibanka za su tarar.

Kalli bidiyon daga farko har ƙarshe da biro a hannunka, kana yin lissafin tare da shi. Ba a tsallake wannan. Akwai bidiyoyi masu kyan hoto da alamar ɗebewa take ɓacewa a tsakiyar aiki, amsa ta fito daidai da littafi ta hanyar da ba ta dace ba. Kana kallo kana rubuta minti da daƙiƙar wuraren da za ka tsayar, misali 1:20, 3:05, 4:40. Wannan 'yar takardar ita ce rabin shirin darasinka.

Tsawo kada ya wuce minti shida. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bayan sun duba kallo kusan miliyan 6.9 a edX, dandalin darussan jami'a ta intanet, ya nuna yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti shida komai tsawon bidiyon, kuma irin wanda ake ganin hannu yana rubutu ya fi riƙe mutane a kan wanda ake jera shafukan da aka riga aka buga. Waɗannan manya ne da suka shiga karatun don ra'ayin kansu. Ɗan shekara goma sha biyar a aji mai zafi bayan an dawo tara ba zai fi su haƙuri ba. In bidiyon mai minti ashirin ne kuma yana da kyau, ɗauki yankin da kake so kawai. Wurin raba bidiyo a YouTube yana ba da damar a sa ya fara daga daƙiƙar da aka zaɓa.

Sai maganar bambancin tsari, wadda ita ce ta fi rikita yara. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, tana da darussa masu tsabta ƙwarai, amma da harshen makarantun Amurka. Abin da suke kira slope takardar WAEC gradient take cewa, trapezoid ɗinsu shi ne trapezium namu, PEMDAS ɗinsu shi ne BODMAS. Misalansu da dala ne da inci da mil. Sukan danna kalkuleta a inda ɗalibinmu ake so ya iya buɗe teburin lambobi huɗu na logaridim. Malamin da yake Maraɗi ko Damagaram kuma yana da nasa: a tsarin Faransanci waƙafi ake sa wa a inda Ingilishi yake sa ɗigo, wato 3,5 maimakon 3.5, don haka bidiyon Ingilishi yana buƙatar gargaɗi kafin a kunna. Rubuta kalmomin biyu gefe da gefe a allo tun farko, minti ɗaya ya isa.

Ka yi hattara da bidiyoyin "dabarar warwarewa cikin daƙiƙa biyar". Suna da rana a JAMB, inda amsa kawai ake zaɓa. Amma a takarda ta biyu ta WAEC maki a kan hanya yake: akwai makin M na bin hanyar da ta dace, da makin A na amsa daidai wanda ba a bayarwa sai an samu na M, da makin B mai zaman kansa. Yaron da ya saba da tsallake layi zai rubuta amsa daidai ya tashi da sifiri. Bidiyon da ya dace da aji shi ne wanda yake rubuta kowane layi, har da ma'auni a ƙarshen amsa. Tashoshin da suke tallan amsoshin jarrabawa kafin a shiga kuwa, ko sunansu kada ya shiga ajinka.

A sauke tun a gida

Kada ka taɓa dogara da sabis a cikin aji. Bidiyo ya tsaya yana juyawa na daƙiƙa talatin, aji ya kaure da surutu, sai ka yi minti biyar kana dawo da hankalinsu. Ga talla da take faɗowa a tsakiya, wadda ba ka san me za ta nuna wa yara ba, ga bidiyo na gaba da yake kunna kansa. Saukewa tun daren jiya tana maganin duka ukun, musamman ga mai sayen datar dare da ta fi araha.

Ingancin hoto a lissafi ba ado ba ne. A 240p ko 360p ƙaramar lambar da ke saman x takan dushe, a kasa bambanta x² da x³, alamar ɗebewa ta koma kamar datti a allo. Mafi ƙaranci 480p, in za a haska a babban allo kuma 720p. Bidiyon minti shida a 480p yakan ci tsakanin megabait 30 zuwa 50, gwargwadon yawan motsin da ke cikinsa. Yi lissafin da kanka: in yara 60 kowa ya kalla da datarsa a megabait 40, an ƙona gigabait 2.4 a kan abin da mutum ɗaya zai sauke ya raba ta Xender ko katin memori kyauta.

Maɓallin saukewa na cikin manhajar YouTube yana ajiye bidiyon ne a cikin manhajar kawai, ba zai fita zuwa filashi ba, kuma yana buƙatar wayar ta riƙa hawa intanet lokaci-lokaci. Janyo bidiyo da wasu manhajoji na waje ya saɓa wa dokokin dandalin, sai da izinin YouTube da na mai shi. Hanya mai tsabta ita ce a tace bincike zuwa bidiyoyi masu lasisin Creative Commons, wanda yake ba da izinin sake amfani da su, ko a rubuta wa mai tashar a nemi izini, da yawa suna bayarwa in sun ji makaranta ce.

Makarantar da take da ɗakin kwamfuta ta duba Kolibri, manhajar kyauta ta ƙungiyar Learning Equality da aka yi musamman don wuraren da ba intanet. Ana sa ta a kwamfuta ɗaya, a je inda sabis yake da ƙarfi a sauke darussan da ake so sau ɗaya, har da na Khan Academy, a dawo a haɗa kwamfutar da rauta ko da babu layi a cikinta. Sauran kwamfutoci da wayoyi sai su shiga ta burauza da adireshin da manhajar za ta nuna. Malami yana iya buɗe aji a ciki, ya haɗa darasi, ya sa gwaji, ya ga wanda ya yi da wanda ya maƙale. Kada a sauke tashar Khan Academy gaba ɗaya, tana da nauyi sosai, a zaɓi darussan zangon kawai. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF, wadda darussanta suke bin manhajar ƙasa.

Allo, sauti, wuta

Ƙa'idar da masu harkar haska hoto suke bi ita ce kada na ƙarshe ya yi nisan da ya wuce tsayin allon sau shida. Talabijin mai inci 43 tsayinsa kusan santimita 53 ne, ke nan mita uku da 'yan kai. Mai inci 55 yana kai wa mita huɗu. Ajin mutum saba'in ya fi haka zurfi nesa ba kusa ba, don haka ko dai a matso da benci a yi zaman rabin da'ira, ko a raba aji biyu, rabi suna kallo rabi suna aikin littafi, sannan a yi musanya. Gwajin mai sauƙi ne: tsayar da bidiyon a inda aka rubuta ƙaramar lamba, ka je bencin ƙarshe ka zauna. In kai ba ka karanta ba, su ma ba za su karanta ba.

Majigi yana ba da babban hoto, amma yana son duhu. Ƙananan nan masu araha da ake tallarsu da manyan lambobi ba sa iya komai da rana a ajin da tagoginsa ba labule. Wanda zai yi aiki shi ne mai haske wajen lumen 3,000, shi kuma yana jan wat 250 zuwa 300. In an rufe tagogi don hoto ya fito, zafi ya taso, kuma yara ba sa ganin littafinsu, alhali rubutu muke so su yi. Rufe tagogin da ke kusa da allon kawai, a bar na baya. Lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iskar majigi, ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar darasi, don haka a riƙa cire ta ana kaɗewa duk mako biyu. Kuma ba a zare shi daga wuta sai fankarsa ta gama hucewa, in ba haka ba ƙwan ba zai yi ƙarko ba.

A ganinmu talabijin ya fi dacewa da yawancin makarantunmu. Yana karanta filashi kai tsaye in bidiyon MP4 ne, ba ya tsoron hasken rana sosai, kuma mai inci 43 wat 60 zuwa 80 yake ci. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, rabi ake amfani da shi in ana so ya daɗe, wato 600. Talabijin da lasifika su ci wat 90, a cire abin da inbata take sha, za a samu wajen awa biyar zuwa shida. Tunda kowane darasi minti shida zuwa goma kawai allon yake kunne, caji ɗaya zai kai kwanaki. In janareto ne, a ajiye shi nesa da taga, a sa sitabilaiza a tsakani.

Sauti ake mantawa da shi. Lasifikar cikin majigi ko ta kwamfuta ba ta wuce benci uku. Nemi lasifika mai caji, ka haɗa ta da waya maimakon Bluetooth, don Bluetooth yakan sa murya ta makara a bayan hannu. In kuma lafazin mai magana ya yi wa yara nauyi, akwai dabara mai kyau: kashe sautin gaba ɗaya, kai ka yi bayanin da bakinka kana bin hoton. Sau da yawa wannan ya fi asalin.

Minti arba'in

Mu ɗauki darasin cike murabba'i, da misalin da muka fara da shi. Kayan kallo su kasance a haɗe an gwada su kafin a buga ƙararrawa. Horar da yara biyu su riƙa yin wannan, ba aikin da zai ci lokacin darasi ba ne.

Minti biyar na farko babu bidiyo. Rubuta (x + 3)² a allo ka ce a buɗe. Zagaya ka duba. Za ka tarar da masu rubuta x² + 9, kuma gara ka kama su yanzu, don wanda bai san daga ina 6x take fitowa ba, duk abin da zai biyo baya sihiri ne a wurinsa. Kada ka gyara tukuna, ka ce su riƙe amsarsu. Sannan ka ba su tambayar da za su shiga kallo da ita: "Ku lura da lambar da zai ƙara a ɓangarorin biyu, ku gaya mini daga ina ya samo ta." Wanda aka aika kallo ba tare da tambaya ba fim yake kallo.

Kunna. Mai bidiyon ya zana murabba'i mai gefe x, ya raba 6x gida biyu, ya manna 3x a dama, 3x a ƙasa. Kafin ya cike kusurwar da ta rage, tsayar. Ka ce kowa ya zana abin da ya gani, ya rubuta girman gurbin da ya rage. Ba su minti biyu cikakku, ka duba agogo, don shirun aji yakan sa malami ya ɗauka minti biyu sun wuce alhali daƙiƙa ashirin ce. Kada ka ce wa ya sani, masu ɗaga hannu su huɗu ne kullum. Ka ce kowa ya ɗaga littafinsa sama. Daga gaba za ka hango masu 9, da masu 6, da masu 36. Mai 6 ya tara 3 da 3 maimakon ya ninka. Mai 36 bai raba 6 biyu ba. Kira ɗaya daga kowane ɓangare ya faɗi dalilinsa, sannan ka saki bidiyon ya raba gardama. A nan ne masu x² + 9 na ɗazu za su ga 6x ɗinsu da ta ɓata, tana kwance a gefuna biyu na hoton.

Tsayawa ta biyu ita ce bayan an kai (x + 3)² = 16. Tambaya: mene ne layi na gaba? Mafi yawa za su rubuta x + 3 = 4 su samu 1, su manta da −4 da take ba da −7. Bar su su yi kuskuren a takarda kafin bidiyon ya nuna ±. Kuskuren da yaro ya yi da hannunsa aka gyara masa ya fi zama a kansa a kan gargaɗin da aka yi masa tun bai faɗa ba. Sannan a mayar da −7 cikin tambayar a gani: 49 − 42 − 7 = 0.

In kana da minti ɗaya na ƙari, gaya musu cewa wannan zanen ba sabon abu ba ne. Al-Khwarizmi ya yi irinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820 da misalin x² + 10x = 39, kuma daga kalmar al-jabr ta littafinsa aka samo sunan aljabra. Yaran da suke ganin lissafi kayan Turawa ne sukan gyara zama in sun ji haka. Ba su misalin nasa su gwada: rabin 10 shi ne 5, a ƙara 25, a samu 64.

Zuwa yanzu an ci kamar minti ashirin, bidiyon kansa bai wuce shida ba a ciki. Kashe allon gaba ɗaya, ba tsayarwa ba, don idanu ba sa barin hoto ko da ba ya motsi. Minti goma sha biyar na gaba aiki ne, daga mai kama da na bidiyon zuwa wanda ya bambanta: x² + 8x − 9 = 0, sai x² − 4x − 12 = 0 mai alamar ɗebewa, sai x² + 5x + 6 = 0 inda rabin lambar ya zama 5/2, sai 2x² + 8x − 10 = 0 wanda dole a fara raba shi da 2. Na uku da na huɗu su ne ma'aunin gaskiya. Wanda ya kwaikwayi bidiyo kawai a nan yake tsayawa.

Minti biyar na ƙarshe, tambaya biyu a 'yar takarda, kowa shi kaɗai, a karɓa a bakin ƙofa. Ba sai ka ba da maki ba. Kasa su kashi uku, waɗanda suka samu, waɗanda suka yi rabi, waɗanda ba su fara ba. Girman kashi na uku shi zai gaya maka ko gobe za a ci gaba ko za a koma allo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne malami ya kunna bidiyo ya koma bayan aji yana duba waya, ko ya fita. Yara suna karanta wannan sarai: lokacin hutu ne. Tsaya kusa da allon, rimot a hannu, idonka a kansu.

Yin naka

Bidiyon da ya fi amfani ga ajinka sau da yawa shi ne wanda ka yi da kanka, don kai ka san inda suke tuntuɓe, kuma kana iya yi da Hausa. Tsarin da ya fi aiki shi ne bayani da Hausa, rubutu da sunayen abubuwa da Ingilishi, tunda da shi za a yi jarrabawa. In ka fassara komai, yaro zai gane a gida ya kasa gane tambayar a zauren jarrabawa.

Ba ka buƙatar fuskarka ta fito. Jera littattafai gida biyu, tsayin kamar santimita 40, ka gitta rula biyu ko ɗan katako a kai, ka kwantar da waya kyamararta ta baya tana kallon ƙasa. Kwali mai ƙarfi da aka huda a sama aka yanke gefe ɗaya shi ma yana yi. Kyamarar gaba takan juya rubutu a wasu wayoyi, kauce mata. Wayar ta kasance a kwance, ba a tsaye ba. Farar takarda, a manne gefunanta da salatif don kada ta motsa, da baƙar maka mai matsakaicin baki. Biro ba ya fitowa, fensir ya fi muni. In da dama kake rubutu, haske ya zo daga hagu, don inuwar hannu kada ta rufe abin da kake rubutawa. Danna yatsa a kan takardar a fuskar wayar ka riƙe har ta kulle, in ba haka ba duk lokacin da hannunka ya shigo hoton zai dushe ya dawo. Sa wayar a yanayin jirgi, kira ɗaya yana yanke ɗauka. Makirufon da ke jikin iyafis ya fi na wayar, kuma bayan sallar asuba, kafin a-daidaita-sahu da janareton maƙwabta su tashi, shi ne lokacin da gari ya fi shiru.

Warware tambayar a wata takarda tukuna ka ajiye a gefe. Bidiyo ɗaya, abu ɗaya. A inda kake so a gwada, faɗa a fili: "Tsayar a nan, ka yi layi na gaba," ka yi shiru na daƙiƙa uku. In ka yi ƙaramin kuskure ka gano, soke shi ka gyara a gabansu, ba sai ka sake ɗauka ba. Ɗauka a 720p, in fayil ɗin ya yi nauyi manhajar HandBrake tana rage shi kyauta a kwamfuta. Don siffofi masu motsi, manhajar GeoGebra kyauta ce kuma tana aiki ba intanet. Gina siffar, kunna ɗaukar fuskar waya, ka ja ɗigon a hankali kana magana.

In za ka ɗora a YouTube, akwai zaɓin da bidiyon ba zai fito a bincike ba sai wanda aka ba mahaɗin. Sabon asusu ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da shi da lambar waya, abin da bai kamata ya dame ka ba. Rufe wurin sharhi. Sa wa kowane fayil suna mai tsari, aji da zango da mako da darasi, don bayan shekara guda "bidiyo na 47" ba zai gaya wa kowa komai ba. Malaman lissafi huɗu in suka raba darussa, kowa ya yi biyu a wata, kafin shekara ta ƙare makaranta ta tara abin da za ta daɗe tana mora. Fuskar ɗalibi ko sunansa kada su shiga bidiyo.

Abin da za a kai gida

Ana yawan yabon tsarin da yara za su kalli darasi a gida su zo aji a yi aiki. Yana yiwuwa ne kawai in kowa yana da hanyar kalla, kuma a yawancin azuzuwanmu ba haka ba ne: wayar ta uba ce sai ya dawo da dare, ko ta yaya ce, ko babu, ga 'yan makarantar kwana da ba a yarda su riƙe waya ba. Kafin ka dogara da shi, raba takarda kowa ya rubuta a ɓoye ko yana samun waya da kuma yaushe, don ba mai son ya faɗa a gaban aji cewa gidansu babu. In ko kashi ɗaya cikin biyar ba su da hanya, bidiyon gida ya zama na bita, kada sabon darasi ya rataya a kansa. Waɗanda ba su da waya a ware musu rabin awa bayan tashi ko lokacin firef a gaban talabijin na makaranta.

Zauren WhatsApp a buɗe shi da lambobin iyaye da sanin shugaban makaranta, a saita shi yadda masu kula kaɗai suke turawa, kuma a sa malami fiye da ɗaya a ciki. Malami ba ya hira da ɗalibi ko ɗaliba ta akwatin sirri. Tura bidiyon a matsayin fayil, don in aka tura shi ta hanyar da aka saba WhatsApp yana matse shi har ƙananan lambobi su dushe. Kowane bidiyo ya tafi da tambaya uku da za a kawo a rubuce washegari, ɗaya daga ciki wadda ba a amsa ta sai an kalla, kamar "wace lamba aka ƙara a minti na uku, kuma me ya sa?" Washegari da ita za a buɗe darasi, kafin a buɗe rajista.